Kwana Uku a Shikago: Shirin Falke Kafin Ya Ɗaura Kaya

Jawabin da aka gabatar a garin Getso, wajen taron hutu na ɗaliban jami'a 'yan ƙasar Gwarzo da Kabo.



An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai shirya gajeriyar ziyara zuwa birnin Shikago na ƙasar Amurka. Na san akwai wanda zai ce a ransa, mu da kuɗin motar Kano ke ba mu wuya, ina mu ina Shikago? Tambayar tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa. A cikinku akwai masu nazarin tarihi, da Hausa, da Larabci, da aikin injiniya, da aikin gona. Waɗansunku za su zarce zuwa digiri na biyu da na uku, wata rana kuma takardar gayyata za ta zo musu daga wani taron masana. Alal misali, ƙungiyar masana nazarin Afirka ta Amurka, wadda aka kafa a 1957, ta yi babban taronta na shekara a Shikago a 2017, ta sake yi a can a 2024. Irin wannan gayyata ba ta wuce kwana uku ko huɗu, sau da yawa kuma ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe a rayuwar mutum. Saboda haka abin da nake so ku riƙe daga bakina shi ne, wanda yake da kwana uku kacal a babban birni, ya zaɓi buƙata ɗaya tun daga gida, ya gina sauran tafiyar a kanta. Ɗan ƙasar Kano kuwa ba sai ya wahala wajen zaɓi ba, domin akwai dukiyar kakanninsa a ajiye a gefen wannan birni, kamar yadda zan bayyana.

Wane Irin Birni Ne

Shikago tana cikin jihar Illinois, a tsakiyar Amurka ta wajen arewa. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 2 da dubu 746 ne a cikinta, watau ita ce ta uku a girma bayan Niyok da Los Angeles. Tana kwance a bakin Tafkin Mishigan. In na ce tafki, kada zuciyarku ta tafi ga madatsar ruwan Guzuguzu, ko ma ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye. Faɗin wannan tafki ya kai murabba'in kilomita dubu 58, alhali Jihar Kano duka ba ta wuce dubu 20 da 'yan kai ba. Ke nan da za a ɗauki jiharmu a jefa a ciki, da sauran wurin wata jihar kamarta, har a kusa samun na uku. In ka tsaya a bakinsa ba ka hango ɗaya gaɓar. Ruwansa kuma na daɗi ne, ba gishiri, shi mutanen birnin ke sha.

Baƙon da aka fara sani ya kafa gida ya zauna a wurin baƙar fata ne, ɗan kasuwa, sunansa Jean Baptiste Point du Sable, wanda ya yi zango a bakin kogin Shikago a ƙarshen ƙarni na 18. Garin ya zama birni a hukumance a 1837. A watan Oktoba na 1871 gobara ta tashi ta cinye gine-gine kimanin dubu 17, mutum wajen 300 suka rasu, kimanin dubu 100 suka rasa matsuguni. Daga tokar wannan gobara aka sake gina birnin, a nan ne kuma aka fara dogayen benaye masu ƙashin ƙarfe, a 1885.

Abin da zai fi amfanar baƙo shi ne sanin tsarin titunan. An zana su a miƙe, waɗansu daga kudu zuwa arewa, waɗansu daga gabas zuwa yamma, kamar kunyoyin gona da aka gicciya. Ana fara ƙidayar lambobin gidaje daga mahaɗar titin State da titin Madison, kuma a yawancin birnin kowace lamba 800 mil ɗaya ce. Tafkin kullum yana gabas. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, ko wayarsa ta mutu, zai iya kai kansa masauki.

Buƙata Ɗaya

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, amma tun kafin su ɗaura wa jakuna kaya sun san abin da za su sayo, madugu ya san zango-zango, jagaba ya san mashigin kowane rafi. Falken da ya tsaya kallon kowace kasuwa a hanya, damina ce za ta riske shi a daji. Wannan shi ne misalin mai gajeriyar ziyara. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.

To, mene ne goron da ɗan Getso zai sayo a Shikago? Kimanin kilomita 20 arewa da tsakiyar birnin, a bakin tafkin dai, akwai wani gari mai suna Evanston, inda Jami'ar Northwestern take. A wannan jami'a Farfesa Melville Herskovits ya kafa sashen nazarin Afirka a 1948, aka kuma buɗe ɗakin karatu na littattafan Afirka zalla a 1954, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Masana na lissafa shi a matsayin mafi girman irinsa a duniya. Marigayi Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci wannan jami'a a watan Yuli na 1961, lokacin da ya kai ziyara Amurka bisa gayyatar Shugaba Kennedy.

A cikin wannan ɗakin karatu akwai littattafan wani mutumin Kano, Malam Umaru Falke, wanda ya rasu a 1962. Kamar yadda sunansa ya nuna, falke ne mai yawan tafiye-tafiye a Afirka ta Yamma, kuma malami ne na ɗariƙar Tijjaniyya. Bayan rasuwarsa ɗakin karatunsa ya koma wannan jami'a, rubuce-rubuce sama da 3,000, yawancinsu da Larabci, waɗansu da Hausar ajami. Akwai fiƙihu, da tauhidi, da sufanci, da waƙoƙi, da magunguna, da wasiƙu. Darajar wannan tari ita ce, ɗakin karatun mutum ɗaya ne a dunƙule, don haka mai bincike zai ga abin da malamin Kano ɗan kasuwa ke karantawa, da abin da yake kwafa, da waɗanda yake hulɗa da su. Ban da wannan, akwai rubuce-rubuce kimanin 600 da Farfesa John Paden ya tara lokacin da yake bincike a Kano a shekarun 1960, binciken da ya haifar da littafinsa na 1973 a kan addini da siyasa a Kano. Akwai kuma waɗanda Farfesa John Hunwick ya tara, shi da ya shafe rayuwarsa yana lissafa littattafan malaman Afirka na Larabci har ya rasu a 2015.

Ana iya jayayya a kan ko ya kamata waɗannan takardu su bar Kano tun asali, kuma jayayya ce mai ma'ana. Amma a yau dai can suke, an adana su daga gara da ruwa da wuta, an kuma yarda mai bincike ya duba. Wanda ya je Shikago daga ƙasar Kano ya dawo da hotunan dogayen benaye kaɗai, ya bar wannan, ya yi asarar kuɗin jirginsa.

Shirin ganinsu daga gida yake farawa. Jerin sunayen rubuce-rubucen yana kan intanet. Ka zauna ka bi shi, ka fitar da guda goma ko goma sha biyar da suka shafi bincikenka, ka rubuta lambobinsu. Sa'an nan ka bincika ɗakin karatun Jami'ar Bayero, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, domin abin da ke akwai a gida ba ya bukatar ketare teku. Abin da ya rage, shi ne za ka rubuta wa ma'aikatan ɗakin karatun a kansa, wata ɗaya aƙalla kafin tafiya, ka faɗi ko kai wane ne, da ranar zuwanka, da lambobin da kake so, ka kuma tambayi ƙa'idarsu game da ɗaukar hoto. Wanda bai iya karanta rubutun warash na hannu da ajami ba, ya koma wurin malaman zaure na nan garin ya koya tun yanzu. Abin kunya ne ka isa gaban takardar kakanka ka kasa karanta ta.

Ƙofar Shiga

Yanzu sai maganar biza, wadda ita ce mafi ɗaci. Ƙofar Amurka ga ɗan Nijeriya takan buɗe ta rufe gwargwadon siyasar ƙasar. A farkon 2020 aka hana 'yan Nijeriya bizar zama ta dindindin, a watan Janairu na 2021 aka ɗage hanin. A watan Maris na 2023 aka tsawaita wa'adin bizar ziyara zuwa shekara 5. A watan Yuli na 2025 aka mai da ita ta wata 3, shiga ɗaya tak. A watan Disamba na 2025 kuma shugaban Amurka ya sanya Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar da ba su bizar ziyara da ta karatu, daga ranar 1 ga Janairu 2026, in ban da waɗansu mutane ƙalilan da dokar ta keɓe. Cikin shekara shida doka ta juya sau biyar. Darasin da ke ciki guda biyu ne. Na farko, kada ka biya ko kwabo, ko na jirgi ko na masauki, sai ka karanta abin da ofishin jakadancin Amurka ya wallafa da kansa a makon da kake ciki. Na biyu, ka zauna da shirinka a hannu, domin ranar da ƙofa ta buɗe ba ta jiran mai nawa.

In ƙofar a buɗe take, ana cika takardar nema a intanet, a biya kuɗi, wanda aka mai da shi dala 185 a 2023, kuma ba a mai da wa mutum ko an hana shi. Sa'an nan a je ganawa ido da ido a Abuja ko Legas. Jami'in yana son ya gane abu uku: me za ka je yi, wa zai biya, me kuma zai dawo da kai gida. A nan ma mai buƙata ɗaya ya fi samun sauƙi, domin amsarsa gajeriya ce, a fili take, ga takardar gayyata, ga wasiƙar jami'arsa, ga amsar ɗakin karatu. Ku guji dillalan biza masu alkawarin takardun banki na ƙarya. Wanda aka kama da ƙarya ana iya hana shi shiga har abada.

Ina kuma roƙonku, wanda Allah ya ba shi ikon zuwa ya dawo ranar da ya ce zai dawo. Daga cikin hujjojin da aka kafa a dokar Disamba 2025 har da yawan 'yan Nijeriya da ke zarce wa'adinsu. Duk wanda ya maƙale, ƙanensa ya rufe wa ƙofa.

Lokaci, Hanya da Guzuri

In zaɓi a hannunka yake, ka je tsakanin Mayu da Oktoba. Sanyin Shikago ba irin hunturunmu ba ne. A nan in ma'auni ya sauka zuwa digiri 10 sai kowa ya nemi wuta. A can watan Janairu yakan wuce a ƙasa da sifili, ranar 20 ga Janairu 1985 kuwa ma'auni ya kai digiri 33 ƙasa da sifili. Ga iska mai tasowa daga tafki tana ratsa tufa. Taron masana kuwa sau da yawa a Nuwamba ko Disamba yake faɗowa. In haka ta kama, ka nemi babbar rigar sanyi, da hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalmi sau-ciki mai kauri, ka sa su a jakar hannu, domin daga ƙofar filin jirgi za ka bukace su.

Babu jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Amurka. Sai an ya da zango a wani wuri, kamar Addis Ababa, ko Doha, ko Istanbul, tafiyar kuma takan ci yini da kwana. Agogon Shikago yana bayan namu da awa 6 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa 7 a sauran watanni. Saboda haka a daren farko za ka farka tun ƙarfe uku, da la'asar kuma barci ya rufe ka. Kada ka lissafa ranar sauka cikin kwanakin aiki, kuma ka sa aiki mai nauyi da safe.

Game da salla, mu nan gabas muke fuskanta, amma alƙiblar Shikago arewa maso gabas take. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi na dare, a Disamba kuwa tun huɗu da minti ashirin na yamma magariba ta yi. Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin azumi ya yi lissafin wannan. Akwai masallatai da dama, har da ɗaya a tsakiyar birni a kan titin State, inda ake sallar Juma'a. Abincin halal kuwa ya fi yawa a titin Devon, unguwar 'yan Indiya da Pakistan, ba nisa da hanyar Evanston. A unguwannin arewacin birnin, irin su Uptown da Rogers Park, akwai 'yan Nijeriya da gidajen abincinsu.

Guzuri yana da nasa ƙa'idodi. Kada ka ɗauki kilishi ko dambun nama ko ɗanyen 'ya'yan itace, domin kwastan ɗinsu sun haramta, kuma ɓoyewa na jawo tara. Duk abin ci da ke jakarka ka bayyana shi. Ka sayi inshorar lafiya ta tafiya, saboda kwana ɗaya a asibitinsu na iya cinye abin da gonarku ta bayar a shekaru. Ka sani farashin da ke rubuce a kanti ba shi ne za ka biya ba, domin ana ƙara harajin da ya haura kashi 10 cikin 100, na ɗakin otal kuwa ya haura kashi 17. A gidan abincin da ake kawo maka kan tebur, al'ada ce ka bar tukuicin kashi 15 zuwa 20, kuma da shi ma'aikacin ke rayuwa.

Cikin gari, jirgin ƙasa ya fi tasi arha nesa ba kusa ba. Daga filin jirgin O'Hare akwai layin da suke kira Blue Line, watau shuɗin layi, wanda ke aiki dare da rana, yana kai mutum tsakiyar birni cikin minti 45. Akwai katin Ventra na kwana uku da ke ba ka damar hawa jirgi da bas iya son ranka. Masauki kuma ka nema a Evanston ko arewacin birni kusa da tashar jirgi, kusa da aikinka. Game da tsaro, gaskiya ne birnin ya yi ƙaurin suna wajen harbe-harbe, an kashe mutum kimanin 800 a 2021, ko da yake adadin ya yi ta raguwa a shekarun da suka biyo baya. Abin ya fi tsanani a waɗansu unguwanni, don haka ka tambayi mai masaukinka kafin ka nufi inda ba ka sani ba, kada kuma ka yi yawon dare kai kaɗai.

Tsarin Kwana Ukun

Shawarata ita ce ka sauka ranar Talata, ka yi aiki Laraba da Alhamis da Juma'a, domin ɗakunan adana tsofaffin takardu galibi ba su buɗewa Asabar da Lahadi. In taro ne ya kai ka, ka ƙara waɗannan kwanaki kafin taron ko bayansa.

Ranar Laraba ta Evanston ce gaba ɗaya. Wanda ya kwana a cikin birni zai hau jan layi, Red Line, zuwa tashar Howard, ya sauya zuwa Purple Line. Ka isa da buɗe ƙofa. Ka fara da takardar da ta fi muhimmanci, ka rubuta lambar kowace warƙa da ka duba, ka ɗauki hoto in an yarda, ka bar dogon nazari sai ka dawo gida. An sa wannan a ranar farko ne domin in aiki bai ƙare ba akwai gobe. Wanda ya bar shi sai ranar ƙarshe, jinkirin jirgi ɗaya ya ishe shi ya dawo hannu rabbana.

Ranar Alhamis, in aikin jiya ya saura, ka koma ba tare da wani tunani ba. In ya ƙare, ka nufi kudancin birni, unguwar Hyde Park, inda Jami'ar Shikago take, wadda aka kafa a 1890. Kusa da ita akwai wata cibiya ta haɗin gwiwar ɗakunan karatu da ke adana hotunan tsofaffin jaridun Afirka, har da na Nijeriya, ita ma sai an rubuta mata tun da wuri. Akwai kuma gidan tarihin DuSable, wanda Margaret Burroughs da abokan aikinta suka kafa a 1961 don tarihin baƙar fatar Amurka. A nan za ka fahimci yadda dubban ɗaruruwan jikokin bayi suka yi ƙaura daga kudancin Amurka zuwa wannan birni tun daga shekarun 1910, da irin wariyar da suka tarar wajen gidaje da aiki. A hanyar dawowa akwai gidan tarihi na Field a bakin tafki, wanda ke ajiye da kayan tagulla na Masarautar Benin, irin waɗanda suka watsu a duniya bayan harin sojan Ingila na 1897. Ka zaɓi biyu daga cikin waɗannan wurare, ka bar sauran.

Ranar Juma'a ta tsakiyar birni ce, da ƙafa, kowa kuma ya kalli abin da ya shafi karatunsa. Ɗalibin injiniya ya tsaya a kan gadar kogin Shikago ya dubi inda ruwa ya nufa. Da can kogin cikin tafki yake zuba, ɗauke da ƙazantar birni da ta mahauta, a tafkin da mutane ke sha, zazzaɓin taifot ya yi ta kisa. Sai aka haƙa magudana mai tsawon kilomita 45, a watan Janairu na 1900 aka juya kogin ya riƙa gudu baya, yana barin tafkin. Ruwan shan Shikago ya tsira, amma ƙazantar ta gangara wa mutanen St. Louis, har jiharsu ta kai ƙara Kotun Ƙoli. Duk wanda ya san halin da rafin Jakara ke ciki a Kano zai sami abin tunani a nan. Shi dai ɗalibin injiniya ya ɗaga kai ya dubi benen Willis, mai tsawon mita 442, wanda ya riƙe kambin tsawo a duniya daga shekarun 1970 har 1998. Injiniyan da ya tsara ƙashinsa, Fazlur Rahman Khan, mutumin Bangladesh ne, ƙasa matalauciya kamar tamu.

Ɗalibin aikin gona da tattalin arziki ya gangara ƙarshen titin LaSalle ya ga ginin kasuwar hatsi da aka kafa a 1848. A wannan kasuwa ake cinikin masara da alkama da waken soya tun kafin a girbe su, ko da yake yanzu yawancin cinikin ta kwamfuta ake yi. Farashin da aka yanke a nan yana taɓa kuɗin alkamar da Nijeriya ke sayowa, watau yana taɓa burodin mai shayin bakin tasharmu. Ita ce Dawanau ɗin duniya. Ɗalibin siyasa da tarihi kuwa ya je titin Desplaines, dandalin Haymarket. Ranar 1 ga Mayu 1886 ma'aikata suka shiga yajin aiki suna neman a mai da aikin yini awa 8, ranar 4 ga wata bam ya tashi a wannan dandali, aka rasa rayuka, daga baya aka rataye waɗansu shugabannin ma'aikata. Daga nan Ranar Ma'aikata ta samo asali. A Nijeriya, gwamnatin Jihar Kano ta Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ce ta fara ba da hutun wannan rana a 1980, Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981.

Bayan sallar Juma'a, kowa ya tafi bakin tafki. Akwai hanyar ƙafa da keke mai tsawon kilomita 29, kyauta ga kowa. Wannan fili bai tsira haka kawai ba. Wani attajiri, Montgomery Ward, ya shafe kimanin shekara 20 daga 1890 yana shari'a don hana a gina wurin. Ku tuna da wannan in kun ga ana cike kududdufai ana yanka filayen makarantu a garuruwanmu.

Abin da Ke Hannunmu

Jama'a, na san da yawa daga cikin masu saurarena ba za su taka Shikago ba, kuma ba aibi ba ne. Amma labarin Malam Umaru Falke ya shafi kowa. Malami ɗaya na Kano ya bar rubuce-rubuce sama da 3,000, yau kuma jikan maƙwabcinsa sai ya nemi biza kafin ya gan su, bizar ma wani lokaci ba ta samuwa. To, a zaurukan malaman Getso, da Gwarzo, da Kabo, gafakoki nawa ne ke rataye, cike da takardun da babu wanda ya taɓa lissafa su? Wasiƙu nawa na hakimai da dagatai, da takardun gado, da waƙoƙin ajami, ke cikin akwatuna gara na ci? Waɗannan ba su bukatar biza, kuma kuɗin acaɓa ya isa a kai gare su.

Saboda haka ga aikin da nake ba ku a wannan hutu. Kowane ɗalibi ya je wurin malamin unguwarsu ko dattijon gidansu da ladabi, ya nemi izini. Ya rubuta sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da wanda ya kwafa in an ambata, da yawan warƙoƙinsa. In mai shi ya yarda, ya ɗauki hoto da waya, ya mai da takarda inda ya same ta, kada ya fita da ko warƙa ɗaya. Sa'an nan ku haɗa jerin wuri ɗaya, ku kai kwafi sashen tarihi ko na Hausa ko na Larabci a jami'o'inku. Wanda ya yi wannan aiki ya koyi karatun rubutun hannu, ya koyi lissafa takardu, ya kuma san abin da ke gida. Shi ne ranar da ya isa Evanston zai san abin da yake nema, har ma'aikatan wurin su ƙaru da shi.

 Allah ya ba ku ilmi mai amfani, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya.